Kuɗin asusun bana: rabon tallafi, motar ɗaukar marasa lafiya, ko sintirin dare?

Sakatare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shugaba ya ce in jefo maganar nan kafin zaman ranar Asabar, kada mu je mu wuni muna jayayya kamar bara. Abin da ya taru a asusu, kuɗin wata-wata da gudummawar masu hali, ba zai ɗauki duk abin da muke buri ba. Shawara uku ce a gaban kwamiti. Wasu sun ce a yi rabon tallafi ga marayu da matan da mazansu suka rasu, kamar yadda muke yi duk shekara. Wasu na so a haɗa da ragowar kuɗin bara a sayi tsohuwar bas a mayar da ita motar ɗaukar marasa lafiya. Matasa kuma sun kawo takarda suna neman a kafa sintirin dare. Kowa ya faɗi nasa, amma don Allah ban da habaici.

Autan Ƙungiya: Wa'alaikumus salam. Sintiri, Yaya Sakatare, sintiri! Gida huɗu aka haura a layinmu cikin wata biyu. Ba wani abu mai yawa muke nema ba: tocila, usur, riguna masu ƙyalli da 'yan sanduna. Mutumin da aka yashe masa ɗaki da dare, wane buhun tallafi ne zai share masa hawaye?

Hajiya Ma'aji: Auta, bari in fara da motar kafin in zo kanka. Ni ke riƙe da littafin kuɗi, don haka ku yi haƙuri in ɓata wa masu son mota rai. Sayen mota abu ne na rana ɗaya, riƙonta kuwa kullum ne. Mai, taya, baƙin mai, inshora, sabunta takardu, ga albashin direba. Idan muka zuba kuɗin shekara biyu a kanta, da me za mu ciyar da ita a shekara ta uku? Rabon tallafi kuwa, a so shi ko a ƙi shi, shi ne ke kawo mana masu ba da gudummawa. Sun ga hoto, sun ga inda kuɗinsu ya tafi, badi su sake bayarwa.

Direban Dogon Zango: Hajiya ta gama magana. Mota ko ajiye ta ka yi ba ka tayarwa, batir zai mutu, taya ta sace. Sannan wa zai ɗauki waya ƙarfe biyun dare? Ni dai kada a kalle ni, rabin wata ina kan hanya.

Anti Nas: Ni ma ba na bayan motar, amma dalilina daban ne. Motar da babu wanda ya san aikin ceto a cikinta, tasi ce mai jiniya. Shekaruna da yawa a ɗakin karɓar gaggawa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da ake kawowa an riga an lalata su a hanya, da kyakkyawar niyya. An yi hatsari, sai mutum biyar su yi caa a kan wanda ya ji rauni, wannan ya ja hannu, wancan ya ja ƙafa, kai yana reto, a cusa shi bayan mota. In da ƙashin wuyansa ya tsage ne kawai, to yanzu an ƙarasa shi, ya shanye har abada. Wanda ya suma a ɗura masa ruwa a baki ya shaƙe. Mai farfaɗiya a tura masa cokali tsakanin haƙora. Yaro ya ƙone a shafa masa man goge baki ko a ɗora ƙanƙara, alhali abin da ake bukata ruwa ne mai sanyi na famfo a yi ta kwarara wa wurin na minti 20.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ku tambayi kanku, wa ke fara isa wurin mai rauni? Ba likita ba ne. Mai wucewa ne, mai shago ne, direba ne, ɗan makaranta ne. Zuciya in ta tsaya, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida, babu motar da za ta iso a wannan lokacin ko da sabuwa ce fil. Danna ƙirji kuwa abu ne da ake koya a yini ɗaya: tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane 30 a hura numfashi biyu. Haka tsayar da jini: tsumma mai tsabta, a danne wurin da ƙarfi, kada a yi ta ɗagawa ana leƙawa. Shawarata ta huɗu ce, ba ta cikin takardar Sakatare: a ɗauko masu horarwa na gaske, a koya wa mutum biyu a kowane layi taimakon gaggawa, mace da namiji, a ba su akwatin kayan aiki.

Hajiya Ma'aji: Anti, maganarki dutse. Amma wane attajiri ne zai ba ni kuɗi in na nuna masa hoton mutane sun durƙusa suna danna ƙirjin ɗan tsana?

Anti Nas: Wanda aka taɓa ceto ɗansa, Hajiya.

Kawu Sai-Na-Faɗa: Ni fa tun da aka fara maganar hoto raina ya ɓaci. Mun zama irin kulob-kulob ɗin manya, Rotary da Lions da ire-irensu, a sa kwat a je otal a ci a sha, a miƙa wa talaka leda ɗaya, masu kyamara goma. In haka za mu koma gara a raba kuɗin kowa ya kama gabansa.

Baba Tsohon Hedimasta: Sannunku da hira. Na jima ina karantawa ban tanka ba, sai da Kawu ya taɓo inda nake da ɗan sani. Kawu, zarginka akwai ƙamshin gaskiya, don kulob ɗin nan da 'yan kasuwa da ma'aikata suka fara, kuma an daɗe ana yi musu wannan gorin. Rotary lauya ne mai suna Paul Harris ya kafa ta a birnin Shikago na Amurka a 1905, shi da abokansa uku, kuma tun farko zumunci da sanin juna a harkar kasuwanci ya tara su. Sunan ma daga zagayawar da suke yi ne, yau taro a ofishin wannan, gobe a na wancan. To amma ka san aikin al'umma na farko da suka yi a 1907? Ban-ɗakin jama'a suka sa aka gina a tsakiyar birnin. Ban-ɗaki fa! Ba abin da mutum zai tsaya a gabansa ya yi murmushi a ɗauke shi hoto.

Abin da ya ɗaga sunansu kuwa, riƙe abu ɗaya ne ba saki. A 1985 suka ɗauki yaƙi da shan-inna. Lokacin da aka ƙaddamar da gangamin duniya a 1988, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, cutar na shanye yara kusan 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Yau ta ragu da fiye da kashi 99 cikin 100, an tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020, saura Fakistan da Afganistan. Shekara nawa ke nan suna kan abu guda? Lions kuma Melvin Jones ya kafa ta a 1917, a Shikagon dai. A 1925 Helen Keller, baiwar Allah da ba ta gani ba ta ji, ta tsaya a babban taronsu ta roƙe su su zama masu tsaya wa makafi. Suka karɓa, kuma har gobe in ka ji Lions, aikin ido ne zai fara zuwa maka: gwaji, tabarau, cire yanar ido.

Mu kuma fa? Shekaran jiya rijiya, jiya littattafai, yau mota, gobe sintiri. Ina famfon da muka gyara shekara uku da suka wuce? Wa ya leƙa shi tun ranar da aka yanke ƙyalle?

Kawu Sai-Na-Faɗa: Baba, na karɓi gyara a kan ban-ɗakin. Amma maganar otal tana nan.

Direban Dogon Zango: Famfon ya mutu tun bara, Baba. Awaki ke kwana a gindinsa.

Autan Ƙungiya: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, mun ƙaru. Amma da girmanku, an bar maganata a baya. Mu ba tarihin Amurka ne ya hana mu barci ba. Ɓarayi ne.

Barista: Auta, ba a manta da kai ba, ni nake jira a zo nan. Kuma ka yi haƙuri, ni ma Amurkar zan kai ka, don abin da ya faru a can ya shafi takardarku kai tsaye. Tsarin sa-idon unguwa da aka yaɗa a ƙasar tun 1972 an gina shi ne a kan ƙa'ida ɗaya: ku zama ido da kunnen 'yan sanda, ku gani ku kira, ba ku da makami, ba ku bin kowa. A watan Fabrairun 2012, a garin Sanford na jihar Fulorida, wani ɗan sa-kai na irin wannan tsari mai suna George Zimmerman ya ga yaro ɗan shekara 17, Trayvon Martin, yana tafiya da dare, ya yi zarginsa. Ya kira 'yan sanda, mai karɓar kiran ya ce masa ba sai ya bi shi ba. Ƙarshenta dai yaron, wanda ba ya ɗauke da makami, ya mutu da harsashin bindigar Zimmerman. Kotu ta sallame shi a 2013, ƙasar ta ɗauki zafi, amma yaron bai dawo ba.

Yanzu dubi takardarku. Tocila na gane, usur na gane, riga mai ƙyalli na gane. Sandunan na mene ne? Ranar da kuka kama wani ƙarfe ukun dare, jini na tafasa, mutum goma sha biyar a kansa, wa zai ce a tsaya? In aka fasa masa kai, sannan gari ya waye aka ga baƙo ne da ya ɓata hanya, ko mai taɓin hankali, ko ma ɓarawon ne da gaske, doka ba ta ba ku ikon hukunci ba. Kuma ba ku kaɗai za a nema ba. Rigar da ke jikinku sunan ƙungiya ne a kanta, Shugaba da Sakatare da Hajiya Ma'aji da ta fitar da kuɗin sanda duk sai sun amsa tambaya.

Hajiya Ma'aji: Innalillahi. Ni da ko kaza ban iya yankawa ba.

Autan Ƙungiya: Wato mu naɗe hannu ke nan, Barista? Ku da kuke da maigadi da doguwar katanga kuna iya faɗin haka. An mayar da mu kamar wasu 'yan daba tun ba mu fara ba.

Sakatare: Auta, a sassauta. Barista yayanka ne, kuma ba wanda ya kira ku 'yan daba.

Barista: Bar shi, Sakatare, zafin abin ne, kuma yana da gaskiya cewa ba a gidana aka haura ba. Ƙanena, ban ce kada a yi sintiri ba. Na ce kada a yi shi a yadda kuka rubuto. In za a yi, sai an je ofishin 'yan sanda na yankin an sanar da su a rubuce, an karɓi lambar da za a kira, sun san sunan kowane mai fita. A yi rajista da hoto, wani babba ya tsaya wa kowane yaro. Ba mai fita shi kaɗai, ba mai fita da makami kowane iri, ba mai fita ya sha wani abu. Littafi a ajiye, a rubuta wa ya fita, ƙarfe nawa, me ya gani. Ba tare hanya, ba binciken aljihun mutane, ba karɓar ko sisi a hannun kowa da sunan kuɗin tsaro. Wannan na ƙarshen shi ne ƙofar da yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi ke lalacewa ta cikinta: a fara da sa-kai, a koma karɓar haraji, daga nan unguwa ta rasa wa za ta fi tsoro. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Autan Ƙungiya: In an cire sanda, ɓarawo ya zaro wuƙa fa?

Barista: Ku ja baya ku busa usur, layi ya tashi, a kira hukuma. Ɓarawo ba faɗa ya fito nema ba, duhu da shiru yake nema. Talabijin ɗin wani bai kai ranka ba.

Direban Dogon Zango: Maganar duhu ta tuna mini. Lungun bayan makaranta da ake yawan tare mutane, fitila ɗaya babu. Da an kafa masu aiki da hasken rana guda uku a nan, rabin aikin su Auta ya ragu.

Baba Tsohon Hedimasta: Da kyau, amma a rubuta sunan wanda zai riƙa goge ƙurar farantin, da inda kuɗin sabon batir zai fito in na ciki ya gaji bayan 'yan shekaru. In ba haka ba, mun ƙara wa awaki wurin kwana.

Maman Yara: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ban cika magana a nan ba, amma tun da ana batun rabon tallafi kamar abin da za a yar, bari wadda ta taɓa karɓa ta ce wani abu. Shekarar da maigidana ya rasu, kayan da ƙungiyar nan ta ba ni su suka riƙe mu kusan wata biyu, ni da yara huɗu. Wanda bai taɓa kwana yana lissafin abin da zai ba yara da safe ba, shi ne zai ce leda ɗaya ba komai ba ce. Don Allah kada a soke shi.

Amma Hajiya, ki gafarce ni, zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar rabon an jera mu a rana, an ce kowa ta ɗaga kayanta sama a ɗauki hoto. Washegari hoton yana yawo a wayoyin mutane. Babbar 'yata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai ƙawayenta sun nuna mata uwarta a layin masu karɓar sadaka. Shekarar da ta biyo baya ina da bukata, amma ban je ba. Kuma na san wasu mata biyu da suka ƙi zuwa saboda haka.

Hajiya Ma'aji: Wayyo, Maman Yara. Wallahi ban sani ba. Ni ce na ce a ɗaga kayan, don masu bayarwa su gani. Ki yafe mini, ƙanwata.

Maman Yara: Ba komai Hajiya, na san ba da mugun nufi ba ne. In dai shaida ake nema, a ɗauki hoton kayan a tare kafin a raba, a nuna rasit, a kai wa kowa gida da yamma. Mu mata biyu ko uku mun isa mu yi wannan, mun san gidajen.

Kawu Sai-Na-Faɗa: To ga abin da nake faɗa tun ɗazu, sai da mai abin ta faɗa aka ji.

Sakatare: Kawu, ka ci nasara, a bar shi haka.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: Gafara dai, yanzu na buɗe waya na tarar da saƙo fiye da talatin. Ina goyon bayan Anti Nas, sai dai a haɗa da gobara a horon. Na yi shekaru ina wannan aiki, kuma mafi yawan gidajen da muka tarar sun cinye, wutar ta fara ne 'yar ƙarama wadda murfin tukunya zai kashe. Mai ya kama a kasko, sai uwar gida ta watsa ruwa, wuta ta yi tsalle ta kama rufi. Abin yi shi ne a kashe murhu a rufe da murfi. Wutar lantarki kuma a fara kashe babban makunni, ba a zuba mata ruwa. In an ji warin gas, kada a kunna fitila ko ashana, a rufe tukunyar gas ɗin, a buɗe tagogi, a fita. Tukunyar kashe gobara ƙarama ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi take feshi ta ƙare, don haka gindin wutar ake nufa, ba harshenta ba. Wanda bai taɓa riƙe ta ba, ranar gobara ko fil ɗin ba zai iya zarewa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baba ya ba da tarihi, bari in ƙara da na gidanmu. Ƙungiyar kashe gobara ta sa-kai da Benjamin Franklin ya kafa a Filadelfiya a 1736 ba da mota ta fara ba. Kowane mamba an wajabta masa ajiye bokitan fata da jakunkunan kwashe kaya a gidansa, a shirye kullum. Suna zama duk wata, wanda bai zo ba a ci shi tara, kuma da kuɗin tarar suka riƙa sayen tsani da injin feshin ruwa.

Hajiya Ma'aji: Tara ga wanda bai zo taro ba? Sakatare, rubuta wannan da jan biro. Da mun yi haka tun farko, da Kawu kaɗai ya saya mana motar.

Kawu Sai-Na-Faɗa: Hajiya, Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Autan Ƙungiya: Na yi magana da yaran. Sun ce in za a koya mana taimakon gaggawa da kashe gobara, a fara da mu masu fita dare, tun da mu ne a farke in abu ya faru. Maganar sanda kuma ba duka suka yarda ba, gaskiya. Barista, ka zo da kanka ranar Asabar ka yi musu bayani, ni sun ce an saye ni.

Barista: Zan zo. Ka ce musu su zo da duk tambayar da suke da ita, har masu zafin.

Baba Tsohon Hedimasta: Ni abin da zan nema a zaman, duk wanda aka zaɓa cikin ayyukan nan, a ɗaure mu da shi shekara biyar a rubuce, kada sabon shugaba ya zo ya ce shi ma sai ya kafa nasa allon. Kuma a sa maganar famfo a ajanda.

Anti Nas: Kafin a watse, Sakatare, ina akwatunan taimakon gaggawa guda biyu da aka ba mu kyauta shekaran bara? In suna nan sai in duba abin da ya lalace a ciki, don magunguna da ruwan wanke ciwo suna da ranar ƙarewa.

Sakatare: Suna sito, Anti, tare da tukwanen kashe gobara huɗu da muka saya lokacin bikin cika shekara goma.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: Waɗanda aka saya tun wancan lokacin? An taɓa kai su a duba? Allurar agogon da ke wuyansu tana kan kore ko ta faɗo ja?

Sakatare: Gaskiya Baba, tun da aka ɗauki hoto da su ban ƙara buɗe siton ba.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana: To zan zo ƙarfe tara ranar Asabar kafin a fara zama, ni da Anti. Makullin yana hannun wa?

Sakatare: Ina jin yana wurin Hajiya.

Hajiya Ma'aji: A'a, ni na ba Direba tun da zai ɗauko kujeru.

Direban Dogon Zango: Yana cikin mota. Motar kuma tana hanya, sai Lahadi in Allah ya kai mu.